Shekarar da Na Koya wa Ɓeraye Iyo

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa muku da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, Idirisu, ubanku kuma kakan wasunku. Na san an daɗe ana ba ku shi gutsi-gutsi a bayan idona, kowa yana ƙara nasa gishirin. Har gobe ƙanena Haruna in ya ga na ɗauki buta sai ya ce a ɓoye ɓerayen gida kada in sa su makaranta. To ga shi nan daga bakin mai shi, kuma ku sani da fushi nake rubutawa. Akwai fushin wani Daktor da ba zan ambaci sunansa ba, akwai na mutanen ƙauyenmu, amma kaso mafi tsoka nawa ne ni kaina.

Ku ƙanana da kuka yi wayo a nan Damazin ba ku san tur'a ba. Ita ce magudanar da ke kawo ruwa gonakin Jazira, kuma a ƙauyenmu, can tsakanin Madani da Hasahisa, bayan gidaje take wucewa. Ba ta da faɗi sosai, amma tana cin yara. Saboda haka kowane uba yakan koya wa ɗansa iyo tun bai gama fidda haƙoran gaba ba. Yadda muke yi shi ne ka warware rawaninka, ka ɗaure yaro a ƙugu, ka jefa shi, ka riƙe ɗaya bakin. Yana gajiya ka jawo shi, ka ba shi dabino ya daina kuka, gobe ka sake. Ni ne gwanin wannan aiki a duk unguwa, har 'ya'yan maƙwabta ake kawo mini. Kuma ɗana Usmanu, wanda ya fi duk wanda na koya wa, shi tur'a ta ɗauke yana da shekara ashirin, ranar da saniyarmu ta faɗa kusa da ƙofar ruwa ya bi ta. Saniyar ta fito. Shi sai washegari aka same shi.

Daga ranar Innarku Rabi ta canza. Kukan ma ba ta yi da yawa ba. Ta dai daina toya kisra, ta daina zuwa biki da suna, ta kwanta a kan angarib, gadonmu na igiya, ƙarƙashin rumfa tana kallon katanga. A kawo mata shayi ya huce a gabanta, ita da a da sai an ɓoye mata gwangwanin sukari. Matan unguwa suka ce iskokin ruwa ne suka biyo ta. Wata ta ce lalaci ne ya samu hanya. Aka yi turare, aka yi rubutu, aka gaji aka daina shigowa. Ni kuwa, mai aji huɗu na boko da izu goma a kai, na yanke hukunci cewa rashin tawakkali ne. Kusan kullum sai na tsaya a kanta na ce, "Tashi Hajiya, ba a kanki aka fara mutuwa ba." Ni kaina na kasa kallon tur'a, na bar wa Haruna noman hawashata, wato gonata, amma ban taɓa kiran nawa rashin tawakkali ba. Nawa sunansa ciwon gwiwa.

A shekara ta uku da rasuwar, yayarku Zahra'u tana karatun digiri na biyu a fannin haɗa magunguna a Madani. Ta ga ina zaman banza ina addabar mutanen gida, sai ta samo mini aikin gafir, wato mai gadi, a ɗakin dabbobin sashensu. Ban tambayi waɗanne dabbobi ba, na ɗauka awaki ne. Da ta buɗe ƙofa sai ga ɓeraye farare fat, masu jajayen idanu, kowane rukuni da kejinsa, da shimfiɗar dusar katako, da kwalbar ruwa, ga fanka tana kaɗa musu.

"Zahra'u," na ce, "shekara hamsin ina kashe dangin waɗannan a gonar gyaɗa. Yau ni za a sa in yi musu shara?"

"Ya Baba, waɗannan daga Hartum aka kawo su, wata biyar ina jiransu. Abincinsu ga shi an auna, ruwansu ga shi. Ka share, ka zuba, halas. Kada ka ƙara musu komi, kada ka rage."

"Ko gaisuwa?"

"Gaisuwa ka yi daga nesa."

Aikinta shi ne gwada wani ganye da ke fitowa a bakin ruwa bayan damina, wanda kakarku takan jiƙa wa mai jegon da ta shiga shiru. Zahra'u ta tsinko shi da hannunta, ta shanya a inuwa, ta tatso ruwansa a ɗakin gwaji har ya koma ɗan gari a gindin kwalba. Tana so ta ga ko yana da alamar maganin ciwon damuwa. Ɓerayen arba'in ne, ta raba su gida huɗu: wasu ruwan gishiri kawai ake ba su, wasu maganin asibiti da aka riga aka san yana aiki, sauran gida biyun garin ganyenta, ɗaya kaɗan ɗaya da yawa. Sati biyu za ta yi tana ɗura musu kowace safiya, sannan a yi jarrabawa.

Na tambaye ta yadda ake gane ɓera yana cikin damuwa, ko tagumi yake yi. Ta ce ba a ganewa kai tsaye, sai dai a duba halinsa. Akwai gwajin da ake aje masa kwalba biyu, ɗaya ruwa ɗaya ruwan sukari, a ga ko har yanzu yana marmarin zaƙi. Akwai wanda ake manne masa wutsiya a rataye shi kai ƙasa na ɗan lokaci, a ga yaushe zai daina fafutuka. Na ce ko Gwamna aka yi wa haka zai shiga damuwa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce babban gwajinta na ruwa ne, ta kuma nuna mini da wasu ɓeraye biyu da suka yi saura a waje da lissafi. Ta cika wani dogon tulun gilashi da ruwa mai ɗumi, ta auna ɗuminsa, ta kafa wayarta tana ɗauka, ta saka ɓera ɗaya. Ya kama iyo, yana zagaye, yana kartar gilashi yana neman mafita. Can sai ya tsaya cak, hanci kawai a sama, yana ɗan motsa ƙafa guda.

"Ya mutu!" na ce. "Ciro shi!"

"Bai mutu ba, Baba. Minti shida ne, ina kallon agogo. Wannan tsayawar nake ƙirgawa. Magungunan damuwa da aka sani sukan sa ɓera ya ƙara daɗewa yana iyo kafin ya saki jiki. In ganyena ya yi haka, to ya cancanci a ci gaba da bincikensa."

Ta ciro shi, ta goge shi da tawul, ta aje shi wuri mai ɗumi. Ban gaya mata abin da na gani a cikin gilashin nan ba, kuma ba sai na gaya muku ba.

A ɗakin gadi na zauna na yi tunani irin na manyan malamai. Yarinyar nan tana so ɓerayenta su daɗe suna iyo. An kawo bayin Allah daga Hartum, ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwalba ba, za a jefa su a ce su yi. Wa ya taɓa jefa yaro a tur'a ranar farko ya ce ya ƙetare? Ga kuma ubanta, gwanin koyar da iyo na yanki guda, yana zaune yana share kashin ɓera. Na ga ai Allah ne ya kawo ni wurin nan da dalili.

Zahra'u takan iso da ƙarfe takwas. Ni kuwa ina idar da sallar asuba sai in cika jardal, wato bokitin shara, da ruwa, in surka da na butar shayi, in fara karatu. Keji ɗaya bayan ɗaya, ban bambanta ɗan ruwan gishiri da ɗan magani ba, don ni mutum ne mai adalci. In saka ɓera, ya yi iyo, da na ga ya fara sanyi sai in zura tafin hannu a ƙarƙashinsa in ɗago shi. In goge shi da bakin rawanina. Dabino ya yi masa girma, sai in tsoma yatsa a sukarin shayina in ba shi ya lasa. Kafin takwas kowa ya bushe ya koma gidansa. Kwana goma sha biyu ina wannan hidima. Har sunaye na raɗa musu. Akwai wani mai yagaggen kunne da na kira Umda, wato dagaci, saboda ƙiba da son jiki. Na lura kullum suna rage wahalar da kansu, ina sakawa sai su ɗan zagaya su tsaya suna kallona, sai na ce a raina sun saba da ruwa ke nan, tsoro ya fita.

Ranar Lahadi aka yi jarrabawa. Daktor, malamin da ke duba aikinta, ya zo da kansa, da turarensa da makullin mota a yatsa. Na tsaya daga bakin ƙofa da tsintsiya, ƙirjina cike, ina jiran a ga aiki. Zahra'u ta saka na farko, ɗan ruwan gishiri. Ya zagaya sau biyu ya tsaya. Ta rubuta. Ta saka na maganin asibiti, wanda ya kamata ya yi ta iyo. Ya zagaya sau biyu ya tsaya. Ta sake auna ɗumin ruwa. Na ganyenta ma haka. Har azahar ana abu ɗaya, ɓera bayan ɓera, kowa ya shiga sai ya miƙe kamar mai hutawa, ya juya hanci wajen ƙofa. Da aka zo kan Umda ko zagayen bai yi ba. Ya tsaya yana kallona ta cikin gilashi, yana jiran hannu da sukari.

Zahra'u ta bi idon ɓeran da kallo har ta iso kaina. Ta dubi rawanina. Ta dubi jardal da ke kife a lungu. Sannan ta mayar da kanta kan takarda.

Daktor ya ce, da Larabcinsa mai santsi, tunda ko maganin da duniya ta sani bai yi aiki a hannunta ba, to ɗayan biyu ne, ko ba ta ba su maganin ba tana rubuta ta ba su, ko ta haɗa kejin ta rikita. Ya ce ta kawo masa bayani kafin Alhamis, in ba haka ba zai rubuta wa sashe cewa ba a amince da amanarta ba, a soke rajistarta. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya ƙara abin da har yau in na tuna sai na ji ɗaci a harshena.

"Na faɗa tun farko. Hannun da ya saba da tsinkar auduga, a bar shi a gonar auduga."

A gabana ya faɗa. Ya san ni ubanta ne, ya san daga inda muka fito. Kakanninmu suka haƙa rabin magudanan da suka shayar da audugar da ta gina makarantar da yake taƙama da ita. Yarinyar da ta yi karatu da fitilar kananzir, ta riƙa hawa bas tun duhun safiya, ita ce yau ake gaya wa haka. Na ɗaga tsintsiya, wallahi na ɗaga. Sai na tuna wanda ya ba shi bakin magana, na sauke.

"Laifina ne, ya Daktor," in ji Zahra'u. "Zan duba."

Ga inda wautata ta koma abin kunya. Litinin ta zo, na yi shiru. Talata na yi shiru. Tana shigowa ta ce "Ina kwana, Baba," ta zauna gaban wayarta tana maimaita hoton ɓerayen, ba ta tambaye ni komi ba. Garin ganyen ya ƙare, ɓerayen sun lalace ga wannan gwaji, har da na sukarin da ta shirya yi daga baya, tunda na riga na cika musu baki da zaƙi. Ta san komi, ta kuma zaɓi a kira ta maƙaryaciya a kan ta nuna ubanta da yatsa. Ni kuma ina lissafin yadda za a yi dariyata a masallacin Juma'a. Ranar Laraba na gan ta tana kwashe littattafanta tana zubawa a kwali, a hankali, kamar mai haɗa kayan mamaci. Nan ne abin ya fi ƙarfina.

Alhamis da safe na sa farar jallabiya, na naɗa rawanin nan dai da ya goge ɓeraye arba'in, na shiga ofishin Daktor ba tare da an yi mini iso ba. Na faɗa masa komi, da jardal, da sukari, da kwana goma sha biyu. Ya dube ni, ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Ya leƙa waje ya kira abokan aikinsa biyu, ya ce in maimaita. Na maimaita, ina tsaye kamar ɗan kama. Da suka gama share hawaye na ce:

"To ya Daktor, tunda ka ji ba ɗiyata ba ce, ka janye maganar auduga."

"Amm Idris," ya ce, wato Baffa Idirisu, "aje makullin ɗakin dabbobin a kan tebur. Ma'alesh, sai haƙuri."

Bai janye ba. Bai kira ta ya ce ta yi haƙuri ba. Ya dai fasa rubuta takardar, ya aika mata cewa ta sake daga farko. Daga farko kuwa yana nufin ta jira damina ta wuce ganye ya fito, ta sake shanya, ta sake tatsa, ta sake layin jiran ɓeraye daga Hartum. Shekara guda cur na ɗauke daga rayuwar yarinyar nan da tafin hannuna.

Bas ɗaya muka hau zuwa gida. In kun taɓa tambayar kanku abin da ya sa bayan wannan shekara ni da kaina nake kai Innarku wurin likita a Madani duk wata, ina riƙe mata jaka, ina tuna mata lokacin shan ƙwaya, har ta dawo tana faɗa da mu a kan sukari, to ga dalilin, abin da ya faru da yammacin nan ne.

Bayan la'asar muna ƙarƙashin rumfa. Innarku tana kan angarib, fuska ga katanga, kamar kullum. Haruna ya shigo ya tarar da ni ba makulli, Zahra'u ta ba shi labari a taƙaice, ya yi dariya har ya shaƙe. Dariyar nan ta tayar mini da duk fushin da na haɗiye a ofis, kuma da yake ba Daktor a kusa, sai na sauke shi a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba.

"Kai Haruna, rufe mini baki! Ke kuma Zahra'u, wanga gwaji naku shirme ne. Duk yaron da ya tashi bakin tur'a ya sani, in ka gaji ka ga ba mafita, sai ka kwanta bisa ruwa ka adana ƙarfinka. Ɓeran da ya tsaya shi ad da hankali. Ku kun ce ya yanke ƙauna. Wa ya shiga zuciyarsa ya gani?"

"Ba wanda ya shiga, Baba," in ji Zahra'u, muryarta a gajiye. "Masana ma suna wannan gardamar, kuma ba su gama ba. Ni ban ce ɓera yana baƙin ciki irin na mutum ba. Rariya ce kawai, a tace a ga wane magani ya kamata a bi. Amma rariyar nake da ita, ita kuma ka huda."

"To mi ya kai ki? Ga maganin zazzaɓi, ga na ciwon sukari, ga na hawan jini da ke kashe mutane. Sai ki ɗauki ciwon da babu shi, ciwon masu kuɗin Hartum da ba su da aikin yi?"

Ta ɗago ta dube ni, sannan ta dubi angarib.

"Ba Hartum na gan shi ba, Baba. A gidanmu na gan shi."

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni kuwa sai na ƙara ɗaga murya, don Haruna yana kallo.

"Innarki lafiyarta lau! Tawakkali ne ya yi mata ƙaranci, na faɗa na ƙara. Kuma ku daina kallona kamar na yi kisan kai. Mi na yi? Tausayi na ji. Ni ba ni iya tsayawa in ga mai rai cikin ruwa ya saki jiki, hanci kawai a waje, in naɗe hannu ina kallon agogo. Ba a halicce ni haka ba. Ko ɓera ne sai na miƙa mashi hannu!"

Igiyar angarib ta yi ƙara. Innarku ta juyo, ta dafa ta tashi zaune, ta gyara mayafinta. Na manta rabon da in ga idonta sosai a cikin nawa. Haruna ya daina dariya. Ba ta ɗaga murya ba, muryar ma ta dushe saboda rashin amfani.

"Malam," ta ce, "minti nawa ɓeran ke yi cikin ruwan?"

"Shida," na ce.

"Minti shida ka kasa jurewa. Ni shekara uku ke nan hancina kawai ke waje, kana wucewa ta gabana da butarka kana cewa in tashi. Ko sai na fidda wutsiya za ka miƙo hannun?"